Takarda da Sana'a: Jagora ga Iyaye da Ɗaliban Sabo, Sasa da Akinyele

Tun daga 1916 da aka kafa Sabon Ibadan a gefen Mokola, goro da shanu ne suka riƙe Bahaushe a Badun, wato Ibadan. Yaro yakan tashi a gidan maigida, ya koyi dillanci da riƙon amanar baƙo, ya girma ya buɗe nasa masaukin, ba wanda ya taɓa ce masa ya kawo takardar makaranta. Yau jama'armu ta bazu har Ojoo, Sasa, Moniya da kasuwar Kara a ƙaramar hukumar Akinyele, kuma yankin ya sake kama. Ga tashar jirgin ƙasa ta Moniya da aka ƙaddamar a 2021, ga babbar mahauta ta Amosun, ga cibiyar binciken noma ta IITA wadda ke nan tun 1967, ga gine-gine na tashi ko'ina a bakin hanyar Oyo. Kowane ɗayansu yana neman mai walda, mai wayarin, mai aikin famfo, mai gyaran firji, mai duba lafiyar dabbobi. Sai dai da zarar aikin ya zama na ofis ko na kwangila, tambayar farko ita ce: ina takardarka?

Saboda haka aka rubuta wannan jagora: domin uban da ke son ɗansa ya iya aikin hannu kuma ya riƙe shaidar da hukuma ta yarda da ita, domin uwar da ke biyan kuɗin jarrabawa da ribar sana'arta, da kuma domin ɗalibin da kansa. Magana ɗaya ce ginshiƙinta. A fara sanin inda yaro zai dosa, sannan a zaɓa masa darussa da jarrabawa. Yawancin asarar kuɗi da shekaru da ake yi, daga juya wannan tsari take fitowa.

Hukumomi huɗu, takardu huɗu

Takardar kammala babbar sakandare a Najeriya daga hukumomi huɗu take fitowa.

Ta farko ita ce WAEC, hukumar jarrabawar Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952. Tana shirya wa 'yan ajin ƙarshe jarrabawa a makarantunsu, tana kuma da ta masu zaman kansu sau biyu a shekara, ɗaya a farkon shekara ɗaya wajen ƙarshenta. Ita ce mutane ke kira GCE.

Ta biyu NECO, mai hedikwata a Minna, wadda aka kafa a 1999. Ta 'yan makaranta takan biyo bayan ta WAEC, ta 'yan waje kuma a watannin Nuwamba da Disamba.

Ta uku NABTEB, mai hedikwata a Benin, wadda aka kafa a 1992 musamman domin masu koyon sana'a da harkar kasuwanci. Ita ke bayar da NTC ga masu aikin hannu, da NBC ga masu aikin ofis da ajiyar lissafi. Ita ma tana zama biyu: Mayu da Yuni, sai Nuwamba da Disamba.

Ta huɗu NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, mai hedikwata a Kaduna. Ɗalibin sakandaren Islamiyya da ke da rajista da ita yana rubuta Turanci da Lissafi tare da darussan Larabci da na addini, kuma JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, na karɓar takardar.

Duka huɗun halastattu ne, amma kowace makarantar gaba da sakandare tana da ikon faɗin wadda take karɓa a kowane kwas. Kafin a biya ko sisi, a duba wannan.

Yadda ake ƙirga kiredit

A WAEC da NECO sakamako hawa tara ne: A1, B2, B3, C4, C5, C6, D7, E8 da F9. Shida na farko su ne kiredit. Bisa ma'aunin da makarantu suka saba amfani da shi, C6 yana farawa daga maki 50 cikin 100, A1 kuma daga 75. D7 da E8 tsallakewa ce kawai, ba sa shiga lissafin kiredit. F9 faɗuwa ce.

Sharaɗin da aka daɗe a kai shi ne kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. WAEC ta bana da NECO ta bana zama biyu ne, ko da wata ɗaya ne tsakaninsu. Wasu wurare sun fi haka tsauri. Jami'ar Ibadan, maƙwabciyarmu, ta saba neman biyar a zama ɗaya ko shida a zama biyu, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓar zama biyu a kwas ɗin likitanci.

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sassauci: mai neman kwas na adabi ko harsuna a jami'a ba dole ne ya sami kiredit a Lissafi ba, ƙaramar difloma ta ND da takardar malanta ta NCE kuma kiredit huɗu ne mafi ƙaranci. Kada wannan ya sa ɗalibin sana'a ya saki jiki. Har yanzu dole kowa ya rubuta Turanci da Lissafi, duk kwas na kimiyya da fasaha yana neman kiredit a Lissafi, babbar difloma ta HND kuma biyar take nema da Turanci da Lissafi a ciki. Wanda ya shiga da huɗu, zai tarar da na biyar yana jiran sa a gaba.

Abin da ya fi ruɗa iyaye shi ne, biyar ɗin sai sun dace da kwas ɗin da ake nema. Mu ɗauki misali. Yaro ya kawo takarda gida: Turanci D7, Lissafi C5, Fiziks E8, Kemistiri C6, Bayoloji C4, Aikin Gona B3, Ilimin Zama Ɗan Ƙasa B2, Kiwon Dabbobi A1, Yarabanci B3. Ya ce, "Baba, na ci bakwai." Uba ya yi hamdala, aka kira 'yan'uwa a waya. Gaskiyar yaron, kiredit bakwai ne. To amma kwas ɗin injiniyan lantarki yake so, wanda ke neman Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da ɗaya daga cikin darussan kimiyya. Idan aka jera takardar da wannan sharaɗi, Turanci babu, Fiziks babu. A1 ɗin da ya samu a Kiwon Dabbobi abin alfahari ne, amma ba zai tsaya a madadin ko ɗaya daga cikinsu ba. Maganin wannan takarda shi ne yaron ya shiga jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen wannan shekarar, tun karatun bai huce ba, ya zuba ƙarfinsa a kan waɗannan biyun, a haɗa takardun su zama zama biyu.

Zaɓen darussa tun ajin farko

Ana rubuta darussa takwas ko tara. Shawarar da ta fi kowace nauyi ana yanke ta ne a ajin farko na babbar sakandare, ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya, na kasuwanci da na adabi. Sau da yawa yaro abokinsa yake bi, ko ya gudu daga malamin da ake cewa yana da zafi. A ranar ya kamata uba ko yaya ya je makarantar da ƙafarsa.

Ga yadda hanyoyin suke. Mai son lantarki, kanikanci, gini ko kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan, wato Foli, wadda aka kafa a 1970, ya riƙe Fiziks da Kemistiri, ya ƙara da Zanen Fasaha in makarantar na koyarwa. Ɗan gidan masu shanu da ke son ya san cutar dabba da maganinta, akwai Kwalejin Tarayya ta Lafiyar Dabbobi da Kiwo a Moor Plantation, hanyar Apata, tare da Kwalejin Noma ta Tarayya. A can Kemistiri da Bayoloji ko Aikin Gona ne kan gaba. Yarinyar da ke son aikin jinya ko unguwarzoma a makarantar asibitin koyarwa na UCH ko kwalejin jiha da ke Eleyele, biyar ɗinta sanannu ne: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Ɗan mai canji ko mai shago da ke son akanta ko harkar kasuwanci, ya haɗa Turanci da Lissafi da Tattalin Arziki, sannan Kasuwanci ko Ajiyar Lissafi. Mai son zama lauya, Adabin Turanci dole ne.

JAMB tana da kundin da ya jera kowane kwas, kowace makaranta da darussan da take nema, kuma kyauta ne a shafinta na intanet. Rabin sa'a a kan wannan kundi tun yaro yana ajin farko ya fi duk wani kamun ƙafa da za a yi bayan shekara uku.

Akwai wata dama da yaranmu ke bari ta wuce. Yaron da aka haifa a Sabo ko Sasa yana jin Yarabanci kamar ɗan gari. Idan makarantarsu ba ta da malamin Hausa, ya ɗauki Yarabanci da gaske, ya koyi rubutunsa da adabinsa, kiredit ne mai kyau ga ɗan ajin adabi. Haka Larabci da Ilimin Addinin Musulunci ga wanda ya yi nisa a Islamiyya. Sai dai jin harshe daban, amsa tambayar jarrabawa daban; sai an karanta littattafan da hukumar ta ayyana.

Darasin sana'a a sakandare

Manhajar da aka fara aiki da ita a 2011 ta kawo darussan sana'a 34, aka wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, aka fara jarraba su a 2014. A watan Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta taƙaita su zuwa shida: haɗa sola da gyaranta, ɗinki da tsara sutura, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar salula, da noman lambu da amfanin gona.

Duba jerin nan da kyau, rabinsa abin da muke yi ne a gidajenmu. Yaron da ya tashi a Kara ya san tunkiya mai lafiya tun daga nesa. Wanda ubansa ke sauke tumatir, tattasai da albasa ya san lalacewar kaya da abin da ke jawo ta. Yarinyar da ke zanen lalle ko taya uwarta ɗinki ta riga ajin nisa. To a zaɓi darasin da ya haɗu da abin da ake yi a gida ko a shagon da yaro ke zuwa bayan an tashi, domin aji ya ba shi ilimin abin, shago ya ba shi hannu. Kuma a tambayi shugaban makaranta abu biyu: wane darasin sana'a za a yi wa 'yan wannan aji rajista da shi, kuma akwai malami da kayan aiki? Darasin gyaran waya da aka gama a kan allo, ba a taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba, suna ne kawai.

A kuma tuna iyakarsa. Wannan darasi ɗaya ne cikin takwas ko tara. Yana taimakawa, amma ba shi ke mai da yaro ƙwararre ba, kuma ba ya cikin darussan da ake rubutawa a jarrabawar JAMB.

Hanyar kwalejin koyon sana'a

Yaron da hannunsa ya nuna tun yana ƙarami, mai kwance rediyo ya mayar, mai gyara wa uwarsa soket, akwai hanyar da aka shimfiɗa dominsa. Bayan jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, wato BECE, maimakon babbar sakandare sai ya shiga kwalejin koyon sana'a ta gwamnati, ya yi shekara uku. Jihar Oyo tana da irinsu a Orita-Aperin cikin Ibadan, da garuruwan Oyo, Ogbomoso, Iseyin da Saki, a ƙarƙashin hukumar ilimin sana'a ta jiha. Orita-Aperin tana ɗaya ɓangaren gari, don haka mazaunin Moniya ya yi lissafin kuɗin mota tun da wuri, ya kuma auna Oyo da Iseyin in yana da inda yaro zai zauna.

A can ana koyar da kanikancin mota, wayarin, walda da ƙira, birkilanci, kafinta, aikin famfo, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, ɗinki da girki, tare da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. A ƙarshe ɗalibi ya rubuta NABTEB ya fito da NTC. Wannan takarda ƙofa biyu take buɗewa: ana ɗaukar aiki da ita, ana kuma shiga Foli, kwalejin ilimi da jami'o'in da suka amince da ita, muddin kiredit ɗin sun cika. Wanda ya yi shekara biyu yana aiki bayan NTC zai iya komawa ya yi shekara ɗaya ya sami ANTC, matakin babban gwani.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne yaro ya lazimci ɗakin aiki ya yi watsi da aji. Sai ya fito da sakamako mai kyau a sana'a, Turanci da Lissafi kuwa sun faɗi, ƙofa ɗaya ta rufe. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da karatu kyauta da alawus na wata-wata ga ɗaliban kwalejojin sana'a a ƙarƙashin shirinta na TVET. A je kwalejin a tambayi yadda ake shiga, kada a bi ta hannun ɗan tsakiya.

Wanda ya riga ya shiga gareji

Da yawa daga matasanmu sun bar aji tun tuni. Suna gareji a Ojoo, suna shagon tela a Sabo, suna walda a bakin titin Moniya. Su ma hanyarsu a buɗe take.

Takardar da oga ke bayarwa ranar bikin yaye tana da daraja a cikin ƙungiyar sana'a, amma hukuma tana da tata shaidar. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gwajin sana'a da ake kira Trade Test, hawa uku: a fara da na uku, a hau na biyu, a ƙare da na ɗaya. Ana zuwa ofishin ma'aikatar na jiha da shaidar koyon aiki, a yi rajista, a gwada mutum a kan aikin. Da wannan takarda ake neman gurbin mai sana'a a ma'aikatun gwamnati da kamfanoni, kuma rundunar soja tana neman ta a wajen masu shiga ta ɓangaren sana'a.

Sai tsarin NSQ da hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da shi. Amfaninsa shi ne yana lissafa abin da mutum ya riga ya iya. Mai tantancewa yana kallon ka kana aikin, ya yi maka tambayoyi, ya duba ayyukan da ka gama, sannan a ba ka matakin da ka cancanta. An bi wannan hanya da masu sana'ar kasuwar Panteka a Kaduna tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma ba abin da zai hana ƙungiyoyinmu na nan su nemi irin haka. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, da hukumar samar da aikin yi ta NDE su ma suna ɗaukar matasa horon sana'a lokaci-lokaci. Mai aikin wayarin kuma ya nemi shaidar hukumar NEMSA, domin ita ke tantance masu haɗa wutar lantarki.

Idan matashi yana son ya koma layin karatu, jarrabawar 'yan waje ta WAEC, NECO ko NABTEB ba ta tambayar wace makaranta kake. Abin da take buƙata shiri ne na gaske, wata shida zuwa shekara na darasin yamma, da tsofaffin tambayoyi, da sanin kwamfuta, domin tun 2024 WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa da kwamfuta. A nan uba yana da aiki. Ya je wurin ogan yaron da kansa, su gaisa, ya ce: "Oga, ga ɗanka nan. Ina roƙon alfarma a riƙa sallamar sa ƙarfe huɗu ranar Litinin, Laraba da Asabar har a gama jarrabawa." Mafi yawan masu gida ba sa ƙin irin wannan roƙo idan babba ya zo da girmamawa. Abin da ke ɓata musu rai shi ne yaro ya riƙa sulalewa ba sallama.

Daga kiredit zuwa difloma

Wanda kiredit ɗinsa suka cika sai JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake rubutawa a kwamfuta, Turanci dole, sauran uku bisa kwas, jimillar maki 400. Kowace shekara ana yanke mafi ƙarancin maki. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga Foli da kwalejojin ilimi. Wannan ƙasan ma'auni ne, makarantu masu cunkoso suna ɗagawa, Jami'ar Ibadan kuma ba ta sauka ƙasa da 200. Shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga. Bayan sakamakon sakandare ya fito, dole a je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a shafinta, in ba haka ba ko maki nawa yaro ya ci ba za a ba shi gurbi ba.

Matakan Foli a jere suke: ND shekara biyu, da 'yan watannin sanin makamar aiki a ciki, shekara ɗaya ta aiki a masana'anta, sai HND shekara biyu. Mai ND da sakamako mai kyau zai iya tsallakawa jami'a aji biyu ta hanyar shiga kai-tsaye. Hukumar COREN da ke rajistar injiniyoyi tana da gurbi ga kowane mataki, tun daga mai aikin hannu har zuwa injiniya. Ga ɗan talaka wannan tsani yana da wani alheri: a kowane mataki kana iya tsayawa ka yi aiki, ka tara kuɗi, ka ci gaba. Akwai kuma asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024 domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati.

Suna, ranar haihuwa da asali

Wannan sashe ya fi shafar mu mazauna kurmi. Yaro ɗaya, a takardar haihuwa Muhammad Sani Abdullahi, malamin firamare ya rubuta Mohammed Sanni, a lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN Sani Abdullahi Mai Goro, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Kwamfuta mutum uku take gani. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma sunan da ke NIN shi take ɗaukowa. Saboda haka tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare a baje takardunsa a kan tabarma: takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, NIN, rajistar makaranta. A bi su harafi-harafi, da jerin sunayen, da rana da wata da shekara. A tsayar da rubutu ɗaya a gyara sauran. Ranar rajistar WAEC ko NECO, yaro ya karanta abin da aka buga kafin ya sa hannu, ya kuma tabbata hotonsa ne da darussansa. Gyara kafin jarrabawa ya fi sauƙi, bayan takarda ta fito kuwa sai kuɗi, rantsuwar kotu da jira.

Sai takardar shaidar ƙaramar hukumar asali. Yaron da aka haifa a Sabo, kakansa ya zo daga Kano, Katsina ko Sakkwato, za a tambaye shi ita wajen shiga makaranta, neman tallafin karatu da ɗaukar aiki. A yanke shawara da wuri, a samo ta ta hanyar mai unguwa da hakimi, kuma jihar da aka rubuta a JAMB ta zama ita ce a jikin takardar. A kuma sani cewa manyan makarantun jiha sukan bambanta kuɗin ɗan jiha da na baƙo.

Kada a riƙa ɗauke yaro daga Badun zuwa gida Arewa, ko daga can zuwa nan, a tsakiyar babbar sakandare. Makin gwajin aji na shekara ukun yana shiga sakamakon ƙarshe, kuma makaranta ce ke tura shi. In tafiyar ta zama dole, a karɓo takardar canjin makaranta da makin gwajin gaba ɗaya.

Rikicin Sasa na watan Fabrairun 2021 ya ƙone shaguna da gidaje, Allah Ya kiyaye gaba. Ya ishe mu darasi a kan ajiyar takardu. A ɗauki hoton kowace a waya, a tura wa ɗan'uwa amintacce, a rubuta lambar jarrabawa da shekara a wani wuri daban. Tun 2022 WAEC tana da shafin da ake samo takardar shaida ta intanet ga waɗanda suka rubuta daga 1999 zuwa yau, kuma da lambar nan ake nemo ta.

Tarkuna uku

Na farko, cibiyoyin satar amsa. Za a ce maka ka kawo kuɗi kaza, kiredit tara tabbas. Hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamako, suna soke shi, suna kuma janye amincewa daga makaranta ɗungurungum, mai laifi da marar laifi su tafi tare. Ko an tsira, yaron da aka saya wa Fiziks zai gamu da Fiziks a Foli, ba mai rubuta masa. Ban da haka, ha'inci ne, kuma mun san hukuncinsa a addini.

Na biyu, makarantar da ba ta da lambar cibiyar jarrabawa, wadda ke kwasar yara ta kai su wani ƙauye su rubuta da sunan wata makaranta. A tambayi lambar tun ranar sa yaro. Haka duk wata cibiya mai cewa tana bayar da difloma, a duba ko NBTE ta amince da ita da kuma kwas ɗin kansa.

Na uku, miƙa komai ga mai shagon intanet. Layin wayar da aka yi rajistar JAMB da shi ya zama na yaron ko na gidan, a adana shi, domin ta nan saƙon gurbi ke zuwa. Lambar sirri kuma ba a barin ta a hannun kowa.

Abin da ya rage gare mu

Uba da uwa, ko ba ku yi boko ba, tambayoyi huɗu sun ishe ku riƙe ragamar al'amarin: me yaron nan yake son zama, waɗanne darussa biyar wannan ke nema, wace jarrabawa zai rubuta, kuma sunansa ɗaya ne a duk takardunsa? Ku yi wa 'ya mace waɗannan tambayoyi kamar yadda kuke yi wa namiji, domin matanmu a Sasa da Kara suna buƙatar ma'aikaciyar jinya da malama mai jin harshensu.

Sarakunanmu na Sabo da Sasa, limamai, shugabannin Kara, ƙungiyoyin mahauta, direbobi, teloli da masu kayan gwari, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba. Aji ɗaya na darasin yamma a harabar Islamiyya, malamin Turanci da na Lissafi da ƙungiya za ta riƙa biya, da mutum ɗaya mai ilimi da zai zauna da iyaye kafin a buɗe rajista ya duba takardun yara, sun isa su canja sakamakon unguwa guda.

Kai kuma ɗalibi, kada ka yarda a ce maka sai ka zaɓi ɗaya tsakanin aji da shago. Ka je makaranta da safe, ka je wurin oga da yamma, ka ba Turanci da Lissafi haƙƙinsu kowace rana. A wannan makon ka buɗe kundin JAMB, ka rubuta darussa biyar da kwas ɗinka yake nema, ka kai wa malamin ajinku ya duba tare da kai. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa albarka a karatu da sana'a.